Awon katin hoto: abin da lamba ke faɗa da abin da take ɓoyewa

A watan Janairun 2025, a bajekolin kayan lantarki na CES da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya tsaya gaban dubban mutane ya sanar da cewa sabon katinsu RTX 5070, mai farashin dala 549, zai yi aikin RTX 4090, katin da ya fito a 2022 a kan dala 1,599. Duk wanda ya san kasuwar kayan kwamfuta ya san nauyin wannan magana: aikin babban kati a kusan sulusin kuɗinsa. Da katin ya isa hannun masu gwaji a watan Maris suka ɗora shi kan teburi, sai aka tarar ko kusa bai kamo ƙafar 4090 ba. Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne kowane ɓangare yana riƙe da lamba, kuma babu wanda ya ƙaga tasa. Kamfani ya auna, masu gwaji sun auna, abin da suka auna ne ya bambanta.

Aikin katin hoto shi ne zana abin da ɗan wasa ke gani. Motsin da ke kan allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka abu ne mai tafiya, kuma kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira firam. A fim, an riga an ɗauki hotunan an ajiye. A wasan kwamfuta kuwa babu hoto ko ɗaya a ajiye. Ɗan wasa ya juya maus, furosesa ta lissafa inda kowa da komai ya koma, ta miƙa wa kati, kati ya zana duniyar daga farko, da haskenta da inuwarta da ƙurarta, ya tura wa allo, ya sake farawa. Idan ana son firam 60 a sakan, dukan wannan aiki sai ya kammala cikin milisakan 16.7. Idan 30 ne, akwai sararin milisakan 33.3. Idan 144 ake nema, ƙasa da milisakan 7 ne. Daga nan aka samo ma'aunin da kowa ya sani, wanda ake taƙaitawa da FPS: yawan firam a sakan ɗaya. Yana da sauƙin fahimta, yana da sauƙin zanawa a jadawali, doguwar sanda ta fi gajeriya. Wannan sauƙin ne ya sa ya mamaye fagen, shi ne kuma ya sa ake yawan ruɗuwa da shi.

Al'adar awon ta yi ƙarfi ne a wajajen 1996, shekarar da wasan Quake ya fito kuma kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo. A cikin Quake akwai umarnin da ke sake kunna wani wasa da aka naɗa tun farko, ya gudu da shi iyakar ƙarfin na'ura, a ƙarshe ya faɗi firam nawa aka samu. Ƙa'idar da aka gina komai a kai ke nan: hanya ɗaya, yanayi ɗaya, kati kawai ake canzawa. A 1998 wani kamfanin ƙasar Finlan, Futuremark, ya fitar da 3DMark, manhajar da ba wasa ba ce, aikinta kawai ta wahalar da kati ta ba shi maki. Har yau tana nan, a hannun kamfanin UL da ya saye su a 2014. Daga baya wasu wasanni suka zama ma'auni da kansu. Crysis na 2007 ya yi shekaru yana durƙusar da katunan da suka zo bayansa, Cyberpunk 2077 na 2020 kuma ya gaji wannan matsayi.

Da ciniki ya fara bin lamba, sai masu sayarwa suka fara yi wa lambar hidima. A 2001 mujallar intanet ta HardOCP ta gano wani abu game da katin Radeon 8500 na kamfanin ATI. Direban katin, wato manhajar da ke tsakanin kati da wasa, yana leƙen sunan abin da aka kunna. In ya ga Quake 3 ne, wasan da kusan kowane mai gwaji ke amfani da shi a lokacin, sai ya rage kyan hoto a ɓoye domin firam ya ƙaru. Da aka sauya sunan wasan daga Quake zuwa Quack, direba bai gane shi ba, hoto ya dawo da kyansa, lamba ta sauka. Masu saye a kasuwar hatsi sun san mudun da aka lotsa wa gindi: a ido ya cika har ya yi tozo, a gida kuwa awo bai kai ba.

Bayan shekara biyu abin ya faɗo kan Nvidia, kuma nata ya fi dabara. Gwajin 3DMark03 yana bin tafarki ɗaya kullum, kyamara ba ta kaucewa. Direban katunan GeForce FX ya san wannan tafarki, don haka ya daina zana abin da kyamarar ba za ta kalla ba. Ma'aikatan mujallar ExtremeTech, da ke da nau'in manhajar mai ba da damar juya kyamara, suka kauce daga hanya, sai hoton ya wargaje. A watan Mayun 2003 Futuremark ya ce ya gano wurare takwas da direban ke gane gwajin, ya fitar da gyaran da ya toshe su, makin GeForce FX 5900 Ultra ya faɗi da kusan kashi 24 cikin ɗari. Na Radeon 9800 Pro ma ya ragu, amma da ƙasa da kashi 2. Daga baya Futuremark da Nvidia suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta sassauta lafazi. Masu gwaji dai sun ɗauki darasinsu: suka koma auna wasanni na gaske, da yawa, suna kuma ɗaukar hoton allo suna kwatantawa, domin firam ɗin da aka samu ta hanyar rage aiki ba daidai yake da na gaskiya ba.

Amma babbar matsalar ba ta buƙatar kowa ya yi maguɗi. Tana cikin lissafin kansa. A ɗauki kati biyu, kowanne ya zana firam 60 a cikin sakan ɗaya. Na farko ya raba aikin daidai, kowane firam milisakan 16.7. Na biyu ya zana 59 a kan milisakan 15 kowanne, sannan guda ɗaya ya cije har milisakan 115. A haɗa: 885 da 115, sakan ɗaya cif. A jadawali duka biyun 60 ne, sandarsu tsawo ɗaya. A gaban allo kuwa na biyun yana daskarewa na fiye da kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma in hakan na faruwa a kowane sakan, babu mai iya jure wasan. Mota ta nufo kwana, hoto ya tsaya, kafin ya dawo ta riga ta daki bango. 'Yan wasa sun daɗe suna kuka da wannan cijewa, musamman masu haɗa kati biyu a na'ura ɗaya, ana nuna musu jadawali ana cewa ai lambarku ta fi ta kowa.

Wanda ya ba kukan nasu hujja shi ne Scott Wasson na mujallar The Tech Report. A watan Satumban 2011 ya wallafa wani dogon bincike da ya ce a daina ƙirga firam a sakan kawai, a shiga cikin sakan ɗin a duba tsawon lokacin da kowane firam ya ɗauka. A ganina babu wani rubutu da ya canza wannan sana'a kamarsa. Bai kawo sabuwar na'ura ba, manhajar Fraps da kowa ke da ita ce ta riga ta naɗi waɗannan lokuta, mutane ne ba su kula da su ba. Da aka zana su a layi, kati mai lafiya ya ba da layi kwance, mai cijewa ya ba da layi mai tsini-tsini. A 2013 aka ƙara matsawa, lokacin da Nvidia ta fitar da kayan awo mai suna FCAT, mujallar PC Perspective kuma ta yi aiki da irin wannan hanya sosai. Ana shafa wa gefen kowane firam launi daban, a naɗi ainihin abin da ya fita zuwa allo da wata na'ura ta dabam, sannan a ƙirga launukan. Nan aka ga cewa a tsarin CrossFire na kamfanin AMD, mai haɗa kati biyu, wasu firam ɗin sirara ne ƙwarai, 'yan layuka kaɗan a allo, ido ba ya amfana da su, amma manhaja na ƙirga su cikakku. Gaskiya ne kayan awon daga abokin hamayya ya fito, amma abin da ya nuna ya tabbata, kuma a watan Agustan shekarar AMD ta fitar da direban da ke daidaita tazarar firam.

Gadon wannan aiki shi ne sanda ta biyu da ake gani yau a jadawalin duk mai gwajin da ya san abin da yake yi: matsakaicin FPS a sama, a ƙasansa kuma lambar kashi ɗaya cikin ɗari mafi jinkiri. Wato a tara dukan firam, a ware mafi nawa a cikinsu, a duba yaya suke. Idan matsakaici 90 ne, ta ƙasan 75, wasan zai tafi sumul. Idan matsakaici 100 ne, ta ƙasan 35, na farkon ya fi shi daɗin bugawa nesa ba kusa ba. Da za a tilasta mini zaɓar lamba ɗaya daga cikin biyun, ta ƙasan zan ɗauka. Kayan aikin ma yanzu kyauta ne: PresentMon na kamfanin Intel, da CapFrameX, da MSI Afterburner da ke rubuta lambobin a kusurwar allo ana cikin wasa.

Ko an auna daidai, sauran tambaya: a wane hali? Girman hoto shi ne na farko. Allon 1920 a 1080 yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 2560 a 1440 yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K, wato 3840 a 2160, ya haura miliyan 8, ninki huɗu na na farko. A ƙaramin allo manyan katuna kan gama aikinsu su zauna jiran furosesa, sai ka ga kati mai tsada da mai matsakaicin kuɗi sun yi kunnen doki, ba don ƙarfinsu ɗaya ba. Shi ya sa masu gwaji ke sa furosesa mafi sauri da ake da ita, don kada ta tare wa kati hanya. Hujjarsu mai kyau ce, sai dai ta haifi wata matsalar: mai karatu ba irin wannan furosesa gare shi ba. A 2021 tashar Hardware Unboxed ta Ostareliya ta nuna cewa a wasu sabbin wasanni, in furosesa mai rauni ce, direban Nvidia ya fi na AMD cin ƙarfinta, har jerin wanda ya fi wani ya juye. Katunan Arc na Intel, da suka shigo a 2022, suna rasa ƙarfi sosai a tsofaffin na'urorin da ba su da wani tsari mai suna Resizable BAR. Jadawalin da aka yi a sabuwar na'ura ba zai faɗa wa mai tsohuwa wannan ba.

Zaɓen wasanni ma hukunci ne. Akwai wasannin da katunan AMD suka fi sakewa a ciki, kamar jerin Call of Duty na baya-bayan nan, akwai waɗanda Nvidia ke yin fintinkau, musamman in an kunna fasahar bin sawun haske da ta shigo da katunan RTX a 2018. Mai gwajin da ya zaɓi wasa biyar zai iya fitar da sakamakon da ya ga dama ba tare da ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Saboda haka na fi yarda da wanda ya gwada goma sha biyar ko ashirin, ya kuma nuna kowanne daban kafin ya haɗa. Haka wurin da aka auna a cikin wasan. Gwajin da masu ƙirƙirar wasa ke sakawa a ciki yana da amfani domin ba ya canzawa, amma sau da yawa ya fi ainihin wasan sauƙi. Tsakiyar gari mai cunkoson mutane da motoci daban, fili fetal daban.

Sai ma'ajiyar kati, wadda gajeren gwaji ya fi saurin tsallakewa. Katin GTX 970 na Nvidia ya fito a 2014 da gigabait 4, ya sha yabo, kuma ya cancanci yawancin yabon. A farkon 2015 aka gano cewa 3.5 ne kawai ke gudu da cikakken sauri, ragowar rabin gigabait ɗin a hankali yake tafiya. Gwaje-gwajen farko ba su cika ma'ajiyar ba, don haka ba su gani ba. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2016 kan biyan dala 30 ga kowane mai saye. A 2023 batun ya dawo da wata fuska, lokacin da wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka fara cika katuna masu gigabait 8. Wani wasan in ma'ajiya ta cika sai ya cije. Wani kuwa ba ya cijewa, sai ya daina loda kyawawan zane, bango ya koma kamar an shafa masa laka, FPS kuma yana nan daram. Wanda ya bar manhaja tana ƙirga ya tafi shan shayi ba zai taɓa sani ba. Dole mutum ya zauna ya kalla, ya kuma yi minti ashirin ko talatin a ciki, domin ma'ajiya a hankali take cika.

Yanzu a koma ga lambar Huang. Tun 2018 Nvidia ke da DLSS, AMD ta biyo da FSR a 2021, Intel da XeSS a 2022. Asalin dabarar ita ce kati ya zana ƙaramin hoto, manhaja ta faɗaɗa shi ta cike gurbin. Wannan ci gaba ne na gaske, sau da yawa ido ba ya rarrabewa, kuma firam ɗin da aka samu na gaske ne, domin kowanne ya fito daga sabon lissafin wasan. A 2022 aka ƙara wani mataki: kati ya zana firam biyu, sannan ya ƙago na uku ya cusa a tsakaninsu. A 2025 ƙagaggun suka kai uku a bayan kowane zananne ɗaya. Da haka 30 ke zama kusan 120 a jadawali, da haka kuma 5070 ya kamo 4090 a fosta. Motsi yana ƙara santsi a ido, wannan ba a musu. Amma wasan ba ya sauraron hannun ɗan wasa sai a firam na gaske, kuma tilas kati ya riƙe firam ɗaya kafin ya san abin da zai cusa a tsakani. Ido na ganin 120, hannu na jin 30, ko ƙasa da haka kaɗan. Tun zamanin Quake dalilin neman firam da yawa biyu ne, santsi da saurin amsawa, kuma lamba ɗaya ta wadatar domin tare suke tafiya. Yanzu sun rabu. Ba na ƙin fasahar, ga wanda wasansa ke ba da 70 ko 80 tun asali tana da daɗi ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne a jera ƙagaggen firam da zananne a sanda ɗaya ba tare da an rubuta jinkirin da ke tsakanin danna maus da ganin sakamako ba. Masu gwaji na kirki sun fara auna wannan jinkiri da milisakan suna ajiye shi kusa da FPS, kuma nan ne aikin ya dosa.

Duk wannan ya rataya ne a kan 'yancin mai gwaji, kuma 'yancin nasa ba cikakke ba ne. Kamfani ne ke aiko masa da kati da direba kafin ranar fitowa, in bai samu ba sauran sun riga shi. A 2016 mujallar TechPowerUp ta bayyana cewa wasu katunan MSI da Asus da aka aika wa 'yan jarida an saita su suna gudu kaɗan fiye da na kanti. A Disambar 2020 Nvidia ta sanar da Hardware Unboxed cewa ta daina aiko musu da katunanta saboda ba su ba bin sawun haske muhimmancin da take so ba. Sauran masu gwaji suka yi ca, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye ya nemi afuwa. A watan Mayun 2025, da RTX 5060 mai gigabait 8 zai fito, yawancin masu gwaji ba su samu direba ba sai ranar da aka fara sayarwa. Shi ya sa nake girmama irin su tashar Gamers Nexus, da ke bayyana hanyar gwajinsu dalla-dalla, suna maimaita kowane awo, wani lokaci ma su sayi kaya da kuɗinsu.

Akwai abin da ko mafi gaskiyar masu gwajin Turai da Amurka ba zai auna mana ba. Tun 2012 katuna ke daidaita gudunsu da kansu gwargwadon zafi da wutar da suka samu: in sun yi sanyi su ƙara, in sun yi zafi su rage. Ɗakin gwaji yakan kasance a digiri ashirin da 'yan kai, sau da yawa ma katin a buɗe yake ba cikin akwati ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, zafin waje na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Kati ɗaya ne, lambar ba za ta zama ɗaya ba. Yawan wutar da kati ke sha, wanda mai karatu a can kan tsallake, a nan shi ne kan gaba ga mai dogaro da janareta ko sola: 4090 na cin wat 450, 4060 kuwa 115. Ga masu laftof kuma, suna kaɗai ba ya wadatarwa. RTX 4090 na laftof ba ƙwaƙwalwarsa ɗaya da na teburi ba, irin ta 4080 ce aka rage mata wuta, kuma laftof biyu masu RTX 3060 na iya bambanta sosai domin wani an ba katinsa wat 60, wani 115.

Yawancin katunan da ke iso mu na hannu ne, wasunsu kuma sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina amfani da katuna a Satumbar 2022. Mai sayen irin wannan ba jadawalin ranar fitowa yake buƙata ba, nasa awon yake buƙata, a gaban mai kaya. A sa katin a na'ura, a kunna Afterburner, a buɗe wasa mai nauyi, a bar shi rabin awa ana bugawa. A minti biyar na farko kusan kowane kati lafiyayye ne. Abin dubawa shi ne bayan ya ɗau zafi: shin gudunsa ya tsaya ko yana zamewa ƙasa, fanka na juyawa lafiya ko tana kuka, akwai ɗige-ɗige ko walƙiyar launi a hoto, layin lokacin firam kwance yake ko ya fara tsini. Sannan a nemi sakamakon irin wannan kati a 3DMark a kwatanta. Ratar kashi kaɗan ba komai ba ce, zafin ɗaki ma na iya kawo ta. In ta kai kashi ashirin, a ce wa mai kaya ya buɗe katin a duba man da ke kan ƙwaƙwalwarsa da ƙurar da ke cikin fanka kafin a fara maganar farashi.